Kukan da Ke Cikin Bango

Matso kusa ka ji, don maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce. Tun da na dawo daga Caina, duk wanda ya zo yi mini sannu da zuwa tambayarsa ba ta wuce dogayen gidaje, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ko gaskiya ne komai araha. In ba su amsa, mu yi dariya, su karɓi tsaraba su tafi. Abin da ya biyo ni gida kuwa ban taɓa ba kowa labarinsa har ƙarshe ba, don da na ce "wata kyanwa" sai in ga an fara murmushi.

Sunana Talatu. Ni ba mai yawo ba ce, kafin wannan tafiya iyakata Zariya, ita ma biki ne ya kai ni. Boko tun a firamare muka rabu. Abu biyu Allah ya ba ni, hannun tuwo da kunne. Tun ina yarinya, ina daga cikin ɗaki zan gaya maka wanda ya shigo zaure daga yadda yake jan takalmi. Hannun tuwon ne ya kai ni Guangzhou. Hadiza, 'yar yayana, tana da ɗan gidan abinci a unguwar Dengfeng, mai dafa mata ta koma gida, ni kuma maigidana ya rasu, yara kowa yana gidansa. Ta ce, "Gwaggo, ki zo ki kama mini, ko na ɗan lokaci ne." Na je.

Kada ka ɗauka shago ne irin namu. Gidan haya ne a sama, ka hau matattakala mai duhu ka ƙwanƙwasa, a buɗe maka ka tarar da 'yan kasuwar Kano zaune suna cin tuwon shinkafa suna rigimar kuɗin kwantena. Gidajen unguwar a manne suke, in na miƙa hannu ta tagar kicin zan taɓa bangon maƙwabta. Rana ba ta shigowa. Akwai wani lokaci a shekara da bango ke yin gumi, ruwa ya riƙa gangarowa a jikin tayil, ka goge ya dawo, wanki ya kwana biyu a igiya yana wari.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunnena. Ina jin komai, ba na gane komai. Ina jin matar sama tana faɗa da mijinta, ina jin tarin tsohon da ke ƙasa, ina jin mai gyaran waya yana dariya, amma ko kalma ɗaya ba tawa ba ce. Babu kiran salla sai na waya, babu zakara, babu akuya. Abin da na koya a bakinsu bai wuce uku ba: nihaw, wato sannu, sheshe, wato na gode, da meyo, wato babu.

Ana haka wata Laraba da rana, ina gyaran kifi, na ji kuka a taga. Kyanwa ce toka-toka mai zane, ramammiya, irin wadda za ka gani a kowane lungu. Amma muryarta daban. Takan fara kuka sosai, sai ƙarshen ya karye, kamar mai mura tana son yin sallama. Na ce mata, "Ke kuma daga ina?" Ta sake yi. Wallahi ita ce halitta ta farko a garin nan da ta yi magana na gane abin da take nufi. Na ba ta kan kifi, na sa mata suna Laraba. Hadiza ta ce, "Talatu da Laraba, saura Alhamis ta zo mu cika mako."

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke zagaya lungun da ɗan keken cefane, tana zuba wa kyanwoyi abinci. Ayi ake ce mata, haka suke kiran duk macen da ta manyanta. Wani lokaci takan zo da keji, ta ɗauki kyanwa ta tafi da ita, bayan kwanaki kyanwar ta dawo an yanke mata tsinin kunne ɗaya. Mu kuwa a wurinmu dabbar da aka yanka wa kunne ai ta wani ce, shaida ce. Sabo, wani mai raka baƙi kasuwa da ake wa laƙabi da Sarkin Hanya, shi ya ƙarasa mana bayanin yana suɗe hannu.

"Kiwo take yi, Gwaggo. Duk wadda kika ga an yanke wa kunne an yi cinikinta, jira ake ta yi ƙiba."

Kowa a ɗakin ya yarda, har da ni. Saboda haka ranar da Ayi ta hawo da kejinta tana nuna Laraba tana nuna kunne, Hadiza ta tare ƙofa tana "Meyo, meyo," Laraba kuwa tana bayan buhun shinkafa. Tsohuwar ta daɗe tana magana, tana shafa cikinta da hannu, tana girgiza kai. Muka rufe ƙofa.

Ba a jima ba cikin Laraba ya fito, daga baya ya saɓe. Ban ga inda ta haihu ba, ji na yi. A bayan wurin wanke-wanke akwai rami a cikin bango inda bututun ruwa ke bi, ta waje ake shigarsa, ta wata 'yar kafa kusa da taga. In gidan ya yi shiru tsakanin azahar da la'asar, nakan jingina kunnena da tayil. Murya uku ce. Ɗaya mai ƙarfi, ɗaya siririya kamar usur, ta ukun kuma ba ta fara kuka, sai 'yan'uwanta sun fara take bi.

Wata safiya na sauka zubar da shara na tarar da maza a lungu, da raga a kan dogayen sanduna, da ƙaramar mota mai kejuna a baya. Ashe kyanwa ta yakushi ɗan wani, masu kula da gidajen suka ɗauko masu kamu. Na tsaya ina kallo. Na ga sun cafke wata, suka duba kunnenta, suka sake ta. Suka cafke wata, suka duba, suka jefa keji. Ban kawo komai a raina ba sai da motar ta tashi. A cikin kukan da ke fitowa daga bayanta na ji wanda ƙarshensa ke karyewa. Na bi su da gudu, silifas ɗaya ya fita, ina cewa su tsaya da Hausa, mutane suna matsa mini hanya suna kallona. Motar ta sha kwana.

Da na koma sama na sa kunne a bango. Suna nan, su uku, suna kiran uwarsu.

"Gwaggo, famfo ne," in ji Hadiza bayan ta saurara.

"Famfo nawa kika taɓa ji yana jin yunwa?"

Ta kira mai gidan, lawban kamar yadda suke cewa. Ya zo ya ƙwanƙwasa tayil ɗinsa da yatsa, ya saurara, ya ce bai ji komai ba, kuma wanda ya fasa masa bango ya tattara kayansa. Na jiƙa tsumma da madara na ɗaura a waya na zura ta kafar, amma ramin ya lanƙwasa ya yi ƙasa, tsumman ya dawo mini da yanar gizo da ƙura. Hannun mutum ba ya kaiwa. Uwarsu kaɗai ta san hanya.

Sarkin Hanya ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya san masu kamun, tare suke shan shayi. Na ba shi na mota da na shayin. Kafin magariba ya dawo da kwali a ɗaure, yana haki kamar wanda ya yi tafiya. Na buɗe. Toka-toka ce mai zane, ba shakka. Ta yi kuka sau ɗaya na mayar da murfin.

"Sabo, wannan ai namiji ne."

"Haba Gwaggo, kyanwa ai kyanwa ce."

"To ka ba shi nonon da zai ba su."

Masu cin abinci suka fashe da dariya. Ba su gama ba muka ji ana dukan ƙofa. Ayi ce, ta biyo shi tun daga lungun baya inda ya sure mata muzurunta mai yankakken kunne. Tana shigowa ta hau shi da faɗa, Sabo ya sulale ya bar takalminsa ɗaya. A cikin masu cin tuwo ranar akwai Alhaji Mamman, Badamagare mai sarin wandunan jins, wanda ya daɗe a ƙasar har yarensu ya zauna a bakinsa. Kullum sai ya tsokane ni, wai Kanawa bayinsu ne. Ya saurari tsohuwar, sai na ga ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Bakanuwa, zo ki ji. Ba cin su take ba. Asibitin dabbobi take kai su, a yi musu allura, a yi musu aikin da ba za su sake haihuwa ba. Yankan kunnen shaida ce ga masu kamu cewa wannan an gama da ita, a bar ta a unguwarta. Ta ce ta zo ta gaya muku, kuka rufe mata ƙofa."

Hadiza ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na kama hannun Ayi na ja ta kicin, na nuna mata bango. Ta sa kunne. Tsohuwa ce, na ga a fuskarta ba ta ji komai ba. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ciro wayarta, ta buɗe taga, ta zura hannu har bakin kafar ta riƙe tana ɗaukar sauti. Da ta dawo da ita ta danna, kukan ya fito a fili, su ukun.  Hadiza ta ce, "Gwaggo, yi haƙuri."

Ayi ta san inda aka kai kyanwoyin da aka kama. Ita da ƙawayenta ne suka roƙi masu gidajen kada a zubar da abin da aka kama a bakin kogi, a kai wani gidan ajiye dabbobi can bayan Xintang. Amma an rufe sai da safe. Alhaji Mamman ya ce dama yana da ɗaukar kaya a wajen.

"Bon, shi ke nan, zan kai ki. Amma ki sani yau bawa ya hau motar ubangidansa."

"Direba dai ya ɗauki uwar ɗakinsa," na ce. Bakina ne kawai ya faɗa, hankalina yana bango.

Da asuba kafin mu fita na saurara. Mai ƙarfin tana nan, mai usur tana nan. Ta ukun sai da na daɗe kafin na ji ta, sau ɗaya.

Hanyar doguwa ce. Muka bar dogayen gidaje muka shiga garin masu ɗinki, ko'ina tulin wanduna, mata zaune a bakin titi suna yanke zare, hannuwansu shuɗi kamar na marina. Alhaji Mamman ya wuce shagon da ake jiransa, wayarsa tana ta ƙara ya kife ta. Ayi tana gefena, ta ɓare lemo ta ba ni rabi. 

Tun kafin in ga wurin na ji shi. Haushin karnuka, ɗaruruwa, yana fitowa daga wani tsohon sito mai rufin kwano a bakin tafkin kifi. Ka san yadda muke da kare. Na tattare zanena, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wata mata mai takalmin roba ta buɗe mana, idanunta ja kamar ba ta san barci ba. Ita ce mai kula da wurin, ita da 'yan taimako kaɗan. Alhaji Mamman yana fassara mini abin da take faɗa muna tafiya. An gina wurin don dabbobi kaɗan, yanzu sun ninka. Wasu karnukan masu su ne suka kawo su da kansu, don doka ta ce gida ɗaya kare ɗaya, wasu kuma an tashi unguwarsu an bar su a ɗaure. Ba ta kashewa, ba ta kuma iya cewa a'a, shi ya sa kullum abinci ke kasawa.

A bakin ƙofar ciki akwai wani tsohon kare da bai yi haushi ba. Yana tsaye yana kallon ƙofar waje. Da muka shigo ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kansa ga ƙofa. Matar ta ce haka yake yi wa kowa.

Ɗakin sabbin kyanwoyin da aka kawo daban yake, wai sai an ga ba su da cuta kafin a haɗa su da sauran. Kejuna ne a kan kejuna har rufi, ga warin fitsari da maganin wanke ƙasa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne shirun. A waje karnuka kamar za su tsaga kwano, a nan kuwa ko motsi babu. Kowace ta cusa kanta a lungun keji, idanu kawai. Ba daga unguwarmu kaɗai aka kwaso su ba, kuma masu kamun ba sa faɗin inda suka samo kowace, a kan kai ake biyansu, su sauke su tafi. Toka-toka masu zane sun fi a ƙirga. Na bi layi ina "Laraba, mus-mus, Laraba." Babu wadda ta ɗago. Idona dama ba shi da ƙarfi, ni da kunne na san ta, ga shi ta ƙi magana.

Ayi ta taɓa kafaɗata, ta ciro wayar, ta ƙure ƙarar, ta danna.

Kukan jariran ya cika ɗakin. Na ɗauka ɗaya ce za ta tashi. Daga sama wata baƙa ta miƙe ta buga kanta da ƙarfen keji. Daga ƙasa wata ja ta fara kuka tana zura hannu ta tsakanin waya. Can ƙurya wata, nan kusa da ƙafata wata. Ba biyu ba, ba uku ba. Suna zagaye a cikin kejin, suna irin kiran nan na maƙogwaro da uwa ke yi wa 'ya'yanta. Na duƙa na dubi ta kusa da ni, cikinta duk nono, ya kumbura har yana jiƙa gashin. Matar mai takalmin roba ta rufe bakinta da hannu.

A cikin wannan hargitsi na rufe ido, na bar kunnena ya yi aikinsa. Na ware ta sama, na ware ta ƙurya. Can a layin baya, ƙasa-ƙasa, na ji wanda ƙarshensa ke karyewa. Na tafi kai tsaye ban buɗe ido sosai ba. Ita ce, ta goge hancinta a waya har ya yi jini.

Na ce wa Alhaji Mamman, "Tambaye ta, waɗannan fa? Ina nasu 'ya'yan?"

Ya tambaya. Amsar ba ta buƙaci fassara ba, tana cikin kalmomi ukun da na sani: meyo. Ya ƙara da cewa, "Ta ce da masu kamun suna duba cikinsu kamar yadda suke duba kunne, ko su faɗi lungun da suka ɗauko su, da ta mayar da su yau. Ta sha roƙonsu."

Ayi ta kashe wayar. Amma su ba su daina ba. Muna fita da Laraba a keji suna kira, muka wuce tsohon karen suna kira, har muka shiga mota ina jin su ta ƙarƙashin haushin karnuka. Alhaji Mamman bai tsokane ni ba ko sau ɗaya a hanyar dawowa.

Mun iso bayan azahar. Na buɗe kejin a bakin taga, ko kifin da Hadiza ta ajiye mata ba ta kalla ba, ta bi bututu ta shige. Na manna kunnena da tayil. Na ji takunta, na ji kiran maƙogwaron, na ji mai ƙarfin ta amsa, na ji mai usur. Sai tsotso. Na tsaya a nan har ƙafata ta yi sanyi ina jiran ta ukun ta bi 'yan'uwanta kamar yadda ta saba.

Kafin la'asar Laraba ta fito da su da bakinta, ta kawo bayan buhun shinkafa. Ta kawo ɗaya, ta koma ta kawo ɗaya. Ta koma karo na uku ta daɗe, ta fito ba komai, ta zauna a taga tana kallon kafar.

Biyun sun rayu. Da aka yaye su ni da kaina na riƙe wa Ayi keji muka sa Laraba, daga baya 'ya'yan ma. Raina bai so ba, har yau in na tuna an hana ta haihuwa sai in ji wani iri, amma na ga ɗakin can da idona. Ranar da zan taho, su uku suna kan taga da kunnuwansu yankakku, masu kamu sun sake zagayowa sun wuce su. Ayi ta rako ni har bakin titi ta cusa mini lemo a jaka. Na ce sheshe, ta ce wani abu mai tsawo, na ce amin.

Yanzu ina gida, ga zakara, ga akuya, ga kiran salla ta ko'ina. Amma in gida ya yi shiru da rana, jikokina sukan same ni tsaye na jingina kai da bango, su ce Gwaggo me kike ji. In ce babu. Ba ta ukun nake saurare ba, ita na san inda take. Sauran nake tunani, 'ya'yan baƙar nan da jar nan da ta kusa da ƙafata, kowannensu a cikin wani bango ko ƙarƙashin wata matattakala a garin da ba shi da iyaka, suna kira, mutane suna wucewa suna cewa famfo ne. Mu muka kunna wa uwayensu kukan da ba na 'ya'yansu ba, suka tashi, muka ɗauki tamu muka fita.

To kai da ka saurare ni har nan, gaya mini: da kai ne a ɗakin nan, wayar tana hannunka, ka san abin da zai tashi in ka danna, za ka danna?